Wa Ya Shuka Kaurar Nan?

Idan akwai kalmar da na tsana a bakin mai wa'azi, to haƙuri ce. Ba wai kalmar ba ta da kyau ba. Na dai lura ba a taɓa juyawa wajen mai babbar riga a ce ya yi ta ba, kullum wanda aka taka ake ɗura wa. Sunana Azumi. Ni ke kaɗa babban tulu a zumuntar mata ta cocin ƙauyenmu, nan gefen Kurmin Kogi, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba shi da linzami. Mijina ya yi fama har ya gaji ya bar ni da halina.

Maganar da zan yi a kan gonar Agnes ce.

Agnes 'yar wajen Kachia ce, Isaiah ya auro ta ya kawo mana. Mace ce mai sanyi, irin wadda za ka taka mata ƙafa ta ce maka sannu. 'Ya'yansu biyu, duk mata, gonarsu kuma ɗaya, ta bakin rafi, wadda uban Isaiah ya yanka masa tun yana da rai, ya dasa gamba a kan iyaka kowa yana kallo. Samanta tudu ne, ƙasanta ta gangara fadama. Da ita suke ci, da ita suke sha, ba su da wata. A duk ƙauyen nan Isaiah ne kaɗai ke shuka kaura, dawar nan mai ruwan ɗorawa. Mu saura farfara muke yi, ko masara. Ana yi masa tsiya a kai, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce tuwon kaura ya fi zama a ciki.

A waccan damina ya gama noma na biyu, dawa ta yi baƙi ƙirin gwanin sha'awa, ya hau motar kasuwar Hunkuyi. Motar ta kife a hanya. Gawarsa aka kawo mana.

Isaiah yana da wa, Simeon. Dattijon coci ne, shi ke riƙe da mabuɗin ƙofa, shi ke da gonakin rake tun daga bayan gari har kan hanyar Makarfi. In yana addu'a har hawaye yake yi, kuma ya san daidai inda zai sa muryarsa ta yi rawa. Ana tashi daga zaman makoki ya tara dangi ya ce zai riƙe wa marayu gonar. Riƙo, in ji shi. Agnes ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya. Allah ya saka."

Ba a jima ba ta je tsinkar kuɓewar da ta shuka da hannunta a gefen gonar, ɗan ƙodagon Simeon ya tare ta ya ce an hana. Da ta je ta tambayi Simeon, ko tabarma bai sa an ba ta ba.

"Mace ba ta gadon gona a gidan nan," in ji shi, "balle wadda aka ɗauko daga wata uwa duniya. Da kin haifi namiji, da sai a zauna a yi magana."

Ni na ja ta zuwa wajen Mai Unguwa Iliyasu. Mutumin kirki ne, amma ba ya son abin da zai ɗaga masa rawani. Ya saurare mu, ya shafa gemu ya ce, "Azumi, wannan maganar gida ce, kuma ku masu coci ne. Ku fara kashe ta a can. In shugabanku ya ce an yi zalunci, ni ba zan ce ba a yi ba." Ka ji fa. Ya mayar da mu ɗakin da mabuɗinsa ke aljihun Simeon.

Shugaban namu kuwa sabo ne fil. Fasto Philemon, matashi mai tabarau, haihuwar cikin garin Kaduna, wanda bai san bambancin dawa da gero ba sai an yi tuwo. A daminar aka turo mana shi. Wa ya tarye shi? Simeon. Wa ya kai masa kaji da buhun shinkafa? Simeon. Wa ya yi alkawarin sabon kwanon rufin coci, har aka yaye rabin tsohon da ruwa ya ɗauke, muna zaune muna kallon sama ta tsakanin katako? Shi ne dai. Don haka labarin gonar ma daga bakin Simeon Fasto ya fara jin sa, an shafa masa mai an yayyafa sukari.

Wata Lahadi sai ga Fasto a kan mumbari yana cewa, "Ku dubi Dattijo Simeon. Ƙaninsa ya rasu, bai bar gwauruwa da wahalar gona ba, ya ɗauke mata. Haka ake son mai bi ya zama." Sannan ya juya wajen da mata ke zama ya ce, "'Yar'uwa Agnes, ki yi haƙuri, Allah bai bar ki ke kaɗai ba."

Jama'a suka ce Amin. Mutanen da suka san gonar nan kamar tafin hannunsu, suka buɗe baki suka ce Amin! Na danne tulun da ke cinyata har na ji kamar zai fashe. Agnes ta kamo gefen zanena ta riƙe gam.

"Yaya Azumi, don Allah," ta ce da muka fito. "A cikin gidansu nake kwana. In kika yi magana, ina zan kai yaran nan?"

Na haɗiye. Ni Azumi na haɗiye magana, har sai da na yi ciwon kai.

Da dawa ta nuna, Simeon ya kira gayya. Mu a nan haka muke yi, mazan coci su taru su yi wa mutum ɗaya aiki, mata su dafa abinci. Aka ce in zo in tuƙa tuwo, na ce hannuna na ciwo, na kuma tabbatar an gan ni ina daka da shi. Mijina ya je. Shi ya ba ni labarin yadda Fasto ya tsaya a bakin gona ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Ubangiji, ka albarkaci gonar bawanka Simeon." Suka sake cewa Amin, suka shiga suna yanka suna waƙa. Dammunan kaura suka wuce ta ƙofar ɗakin Agnes ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye tana gani, suka shige rumbun Simeon.

Abin da ya tsinke mini igiya shi ne irin rake. Na fita neman itace sai na ga an jibge shi tuli guda a gindin mangwaron bakin rafi, an lulluɓe da ganye. Wanda bai san rake ba zai ce mene ne a ciki. Rake ba dawa ba ce da za a girbe a share wuri. In ya shiga ƙasa ya shiga ke nan, a sare ya tofo, a sare ya tofo, shekara da shekaru. Ranar da Simeon ya binne shi a fadamar nan, babu mai unguwar da zai ce ya tone. Kafin yaran Agnes su yi wayo an manta ubansu ya taɓa taka wurin.

Na yar da itacen na nufi gidan Fasto. Na same shi a inuwa yana karatu. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, don ba a ce ban da tarbiyya ba. Sannan na ce, "Fasto, taso in nuna maka albarkar da ka roƙa."

"Lafiya, Mama?"

"Da lafiya ba ka gan ni ba. Taso."

Ya biyo ni har bayan ɗakin Agnes. Na jingina tsani a jikin rumbunta na ce ya hau ya leƙa. Ya cire tabarau ya goge, ya hau. Ya daɗe kansa yana ciki. Babu abin da zai gani sai ƙaiƙayin bara da kashin ɓera.

"Ina hatsin?" ya ce daga sama.

"Ka tambayi wanda ka yaba a kan mumbari."

Na zazzage masa komai, tun daga gamban iyaka har zuwa irin raken da ke gindin mangwaro. Na ce masa yaran nan kunu suke sha da rana su sha da dare, shi ma daga gidajenmu yake fitowa. Na ce, "Ka ce ta yi haƙuri. To ta yi. Yanzu a wace tukunya za ta dafa shi?" Agnes ta fito tana cewa ba ita ta aike ni ba. Fasto ya sauko, ya dube ta, ya dubi ƙasa.

"Zan yi addu'a a kai, Mama," ya ce.

Addu'a! Na bi bayansa da harara har ya sha kwana. Na ce a raina, shi ke nan, kaji da shinkafa sun yi aikinsu. Cikin makon an ce an gan shi ya shiga gidan Simeon ya fito, ya sake shiga ya fito, fuska ba walwala. Ban sa a ka ba. Na ɗauka zancen kwano suke yi.

Lahadin da ta biyo ita ce ta godiyar kaka. Ranar ce babba a wurinmu bayan Kirsimeti. Ana kiran gida gida, kowa ya ɗauko daga abin da gonarsa ta ba shi, ya shigo da rawa har gaban bagade, mu muna kiɗa. In an gama, Fasto ya ɗora hannu a kan tulin amfanin gonar ya sa albarka, a ware rabon gwauraye, saura a yi gwanjo. Maƙwabtanmu Musulmi ma ana gayyatarsu. Mai Unguwa Iliyasu yana zaune a kujerar baƙi, kusa da shi Bobbo, Bafulatanin da ya saba sauke shanunsa a gonar Isaiah kowane rani.

Aka yi ta kira ana ta shigowa, masara, farfara, gyaɗa, barkono, wata har da agwagwa. Da aka kira gidan marigayi Isaiah, Agnes ta taso da ɗan ƙoƙo na busasshiyar kuɓewa, wadda na san ni na ba ta. Ba ta yi rawa ba. Ta ajiye ta koma.

Sai aka kira gidan Dattijo Simeon. Ya shigo cikin farar shadda yana taku ɗai ɗai, bayansa samari ɗauke da dammuna manya manya, zangarniya sai sheƙi take yi, ruwan ɗorawa shar. Kaura. Ko kunya bai ji ba, maimakon rakensa, kaurar mamaci ya kawo wa Allah. Kuma daga cikinta za a auna wa Agnes rabon gwauraye, ta durƙusa ta ce ta gode. Na ɗauke hannuna daga kan tulu. Sauran mata suka ci gaba, amma kiɗa ba babban tulu kamar miya ce ba gishiri.

Fasto ya sauko gaban tulin hatsi. Muka sunkuyar da kai muna jiran addu'a. Na ɗaga ido, sai na ga hannayensa a bayansa. Ya sunkuya ya zaro zangarniya ɗaya daga damin Simeon ya ɗaga sama.

"Ni ɗan birni ne," ya ce. "Kun sani, har dariya kuke yi mini, ina ji. Ban san dawa ba. To ku da kuka sani ku taimake ni. Wa ya shuka kaurar nan?"

Ba wanda ya motsa. Rana ta riga ta hau, tana zubowa ta inda aka yaye kwano, daidai kan bencin dattawa.

"Ban ji ba. Wa ya shuka ta?"

Wani ya yi tari. Na buɗe baki, Agnes ta danƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Fasto ya hango ni ya girgiza kai. "Ba ke ba, Mama Azumi. Ke kin riga kin faɗa. Waɗanda suka yanke ta nake tambaya." Ya bi maza da ido layi layi, har da mijina, wanda ya ga dama a lokacin ya binciki igiyar takalminsa.

"To ba zan sa hannu a kan wannan tuli ba," in ji Fasto. Muryarsa ta canza, ban taɓa jin ta haka ba. "Na tsaya a bakin gonar gwauruwa na kira ta gonar wani, na roƙi Allah ya sa albarka. Kuna tsaye. Kun san iyakar, kun san wanda ya dasa gamban, wasunku da su aka dasa. Kuka bar ni na yi wa Allah ƙarya, kuka ce Amin. Na hau nan na yabi mutum a kan abin da ya kamata in tsawata masa, kuka ce Amin. Wane irin Amin ne wannan da ba ya jin kunya? Ni na yi nawa cikin jahilci, kuma jahilcin ma laifina ne, don kaji na karɓa ban taka na leƙa rumbu ba. Ku fa? Ku da me za ku kare kanku?"

Ya ɗaga zangarniyar ya kaɗa ta har tsaba ta zubo a ƙasa.

"Kun ba abin suna mai daɗi, wai riƙo. Wanda ya riƙe maka abu yana miƙo maka in ka zo. Wanda ya kore ka in ka zo, sunansa daban, kuma kun san sunan. Sata ce. In yaro ya ɗauki kaza a garin nan, ku ne masu ɗaure shi a jikin bishiya. An ɗauke gona sukutum da abincin marayu a ciki, kun bi da waƙa. Kuna tsammani Allah yunwa yake ji, da za a toshe masa baki da dami? Kuna tsammani bai san hannun da ya zuba iri ba? Wanda muke kira Uban marayu, yau shi za mu kawo wa tuwon marayu mu ce ya ci ya sa albarka?"

Simeon ya miƙe. Shaddarsa ta jiƙe da gumi.

"Fasto, ka san inda kake kuwa? Wannan maganar gidanmu ce. Haka muka gada tun kafin a haifi ubanka."

"Na same ka a gida, Baba, ni da kai, har sau biyu. Ka ce in tsaya a kan wa'azi in bar maka gona. To ga shi na tsaya a kan wa'azi."

"Mun gane!" Simeon ya juya wajen jama'a yana nuna shi da yatsa. "Iyayensa mutanen kudu ne, ita ma 'yar kudu ce. 'Yar'uwarsa yake tare wa. Baƙo zai zo ya raba mana gado?"

Wasu suka fara gunaguni, don irin wannan magana ba ta rasa masu saye. Fasto bai ko ɗaga murya ba. "Yaran nan biyu 'yan ina ne, Baba? Ba jinin ƙaninka ba ne? In ta baƙuwa ce, su fa?"

"To ka nemi mai rufa maka coci!"

"Ka riƙe kwanonka. Gara ruwa ya dake mu."

Wallahi na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina wanda ya yi wata da watanni a tokare. Amma Fasto bai gama ba. Ya koma tsakiya, ya sake ɗaga zangarniyar. "Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Ba mai fita, ba gwanjo, ba addu'ar rufewa. Wa ya shuka kaurar nan?"

Hannun da ke riƙe da nawa ya saki. Agnes ta miƙe. Na sa hannu a bayanta. Muryarta ƙarama ce, amma cocin ya yi tsit yadda ko ta baya ta ji.

"Ni ce."

Ta ci gaba. "Isaiah yana gaba da sungumi yana sara, ni ina binsa ina zuba iri ina rufewa da dunduniyata. Haka muke yi kowace shekara. Babu rami ɗaya a gonar nan da ba ƙafata ce ta rufe shi ba." Ta juya ta dubi Simeon ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta garin nan. "Yaya, a ranar kana wucewa a kan babur, har ka ce mana sannu da aiki."

Daga kujerar baƙi Bobbo ya ce, "Haka aka yi. Ina gefen rafi da shanu." Mai Unguwa ya dube shi, ya dubi Fasto, ya gyara zaman rawaninsa.

"To an yi kuskuren kira," in ji Fasto. "A fitar da dammunan nan waje. Waɗanda suka yanka su za su ɗauka."

Da farko ba wanda ya tashi. Na zunguri mijina da ido daga nesa, irin kallon da ya san in bai tashi ba gidan ba zai zaunu ba. Ya tashi. Wani ya bi shi, wani ya bi. Suka kwashe dammunan suka fita. Fasto da kansa ya ɗaga murya ya kira, "Gidan marigayi Isaiah!"

Na daki tulun nan kamar shi ya yi mini laifi. Agnes ta shigo a gaba, 'ya'yanta biyu a gefenta, maza a baya ɗauke da kaura. Tana kuka tana takawa. Mata suka ɓarke da guɗa. Simeon ya ratsa ta ƙofar gefe ya fita, mabuɗin coci a aljihunsa. A ranar Fasto ya sa hannu a kan tuli, ya yi addu'a gajeriya.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Washegari Mai Unguwa ya taka har bakin rafi, ya bi gamba daga farko har ƙarshe, ya ce gona ta 'ya'yan Isaiah ce, uwarsu ce mai riƙe musu. Ya sa aka mayar da hatsi rumbunta, ko da yake abin da ya fito bai kai abin da ya shiga ba. Irin rake ya bushe a gindin mangwaro. Simeon kuwa ya sa aka ja katanga tsakanin ɗakinta da sauran gida, ya toshe mata hanyar rijiya. Rabin dattawa suka daina gaishe da Fasto. Suka yi ta zarya zuwa wajen manyan coci na sama, wai yana raba kan ikilisiya, wai yana kawo ƙabilanci, wai ya ci mutuncin dattijo a gaban baƙi. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya, ko mutum ɗaya. Duk da haka kafin damina aka ce an yi masa canjin wuri, can wani ƙauye bayan Kudan. Wanda ya saci gona yana nan a kan bencinsa, wanda ya faɗa shi aka ɗaure wa kaya. In na tuna har yanzu sai in ji abinci ya fita raina.

Ruwan shuka ya sauka ana gobe zai tafi. Da safe na raka Agnes gona da ƙwaryar iri. Mazan da suka yi rawa da dami duk sun ɓace, kowa ya tuna yana da tasa gonar, kowa kuma ya tuna wa ke ba da aron injin ban ruwa. Mijina ma cewa ya yi sai ya gama tamu. Muna tsaye da sungumin Isaiah muna shawarar wadda za ta fara sara a cikinmu, sai ga Fasto ya ɓullo ta kan iyaka, da wandon tafiya da takalmi sau ciki. Motar kayansa tana bakin hanya, direba sai danna oda yake yi.

"Mama, nuna mini yadda ake riƙewa," ya ce.

Na nuna masa. Kai, ban taɓa ganin saran shuka irin wannan ba. Wani rami a nan, wani a can, layi ya tafi kamar hanyar maciji. Na ce, "Fasto, gabas za ka ko kudu?" Ya yi dariya, tabarau na zamewa a kan hanci. Agnes tana binsa a baya tana zubawa tana rufewa da dunduniya, ba ta gyara masa ko ɗaya ba. Bai ajiye ba sai da tafin hannunsa ya yi ƙurji ya fashe, direba kuma ya sauko da kansa yana masifa. Sauran ni da Agnes muka ƙarasa.

Yanzu muna da sabon fasto. An rufe coci da kwano mai sheƙi, an yi bikin keɓewa, Simeon ya yi addu'a har da hawaye. Lahadin farko sabon ya hau mumbari ya gyara murya ya ce yau zai yi mana magana a kan haƙuri. Na ajiye tuluna a hankali don kada ya fashe, na fita.

Na gangara bakin rafi. Kaura ta kai gwiwa. Daga kan hanya kana iya gane inda Fasto Philemon ya sara, layukan nan a karkace, duk mai wucewa sai ya tsaya ya yi dariya ya tambayi wane gwani ne ya yi wannan aiki. Agnes tana ciki a sunkuye tana cire ciyawa. Da ta ji tambayar sai ta ɗago, ta faɗi sunansa da ƙarfi yadda za a ji har gonar raken Simeon da ke tsallake.